Hanyoyi Dabam-dabam, Ɗakin Gwaji Ɗaya: Farfesa Wilkinson da Ɗalibansa

Gabatarwa

Kowace shekara, idan lokacin cika takardun neman shiga jami'a ya yi, in ka tambayi 'yan aji shida na sashen kimiyya abin da suke so su karanta, amsar ba ta cika wuce biyu ba: likita ko injiniya. Iyaye ma abin da suke so ke nan. Amma guraben kaɗan ne, masu nema kuwa da yawa. Idan sunaye suka fito, sai a tarar an ba wasu kemistiri, wasu fiziks, wasu ilmin tsirrai. Daga nan sai ka ga yaro ya koma gida kamar an yi masa rasuwa. Wani ya zauna shekara biyu ko uku yana sake jarrabawa. Wani ya karɓa da rabin zuciya, ya yi shekara huɗu yana ganin karatunsa kamar horo aka yi masa. Akwai kuma wanda rashin kuɗi zai sa ya shiga kwalejin fasaha ko ya kama aiki, ya ɗauka ƙofar ilmi mai zurfi ta rufu a gare shi har abada.

Domin irin waɗannan ɗalibai, da iyayensu, da malamansu, aka shirya wannan darasi. Za mu leƙa ɗakin gwaje-gwaje na wani masanin kemistiri ɗan Ingila, Farfesa Geoffrey Wilkinson, mu duba shi da wasu daga cikin ɗaliban da suka yi aiki a ƙarƙashinsa. A kan kowannensu za mu yi tambaya uku. Ta wace hanya ya bi ya iso? Me ya bincika? Me yakan yi idan ya tashi daga aiki?

Wane irin kemistiri suka yi?

A aji an koya mana cewa kemistiri yana da manyan rassa. Akwai oganik, watau nazarin haɗe-haɗen kabon, irin su sukari, man fetur, roba da yawancin magunguna. Akwai kuma inoganik, wanda ya ɗauki sauran sinadaran, musamman ƙarafa da ma'adinai. Gishirin miya, kanwa, alif da ake tace ruwa da shi, siminti, da kuzar da aka daɗe ana haƙa a ƙasar Jos, duk a wannan reshe suke. Jadawalin sinadarai yana da gida 118, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na waɗannan ƙarafa ne. Ko jikinmu bai rabu da su ba. Ƙarfen da ke cikin jini shi ke kama iskar oksijin ya kai ta ko'ina a jiki, ko da yake nauyinsa duka a jikin babban mutum bai wuce giram 4 ba. Koren ganye yana ɗauke da magniziyam, bitamin B12 kuwa yana ɗauke da kobalt.

Wilkinson da ɗalibansa a kan iyakar rassan nan biyu suka yi noma. Sun nemi sanin abin da ke faruwa idan ƙwayar zarra ta ƙarfe, wadda a aji muke kira atam, ta ƙulla ɗauri kai tsaye da atam na kabon. Kafin 1950 masana da yawa suna ganin irin wannan ɗauri da ƙarafa kamar baƙin ƙarfe ba ya ƙarko, in an ƙulla shi ma nan da nan yake warwarewa.

Maigidan ɗakin: ɗan mai fenti

An haifi Geoffrey Wilkinson ran 14 ga Yuli, 1921, a wani ƙauye kusa da garin Todmorden a arewacin Ingila. Mahaifinsa mai fentin gidaje ne, mahaifiyarsa kuwa ta yi aiki a masaƙar auduga. Wani kawunsa, mai kaɗa ogan a majami'a kuma shugaban mawaƙa, ya yi aure a gidan masu wani ƙaramin kamfanin yin gishirin magani. A ɗan ɗakin gwajin wannan kamfani yaron ya fara wasa da kwalabe, a nan kuma sha'awar kemistiri ta shige shi.

A 1932 ya ci sukolashif ya shiga sakandaren garinsu. Makarantar ƙaramin gari ce, amma malamin da ya koya masa fiziks shi ne dai ya koyar da John Cockcroft, wanda ya karɓi kyautar Nobel a 1951. Malami ɗaya, a makaranta ɗaya, ya koyar da yara biyu da suka kai ga kyauta mafi girma a duniyar kimiyya. Malamanmu su lura da wannan.

A 1939 ya sake cin sukolashif zuwa Kwalejin Imperial a Landan, ya gama digirin farko a 1941. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ne. A Janairun 1943 aka tura shi Kanada cikin matasan masana da ke aikin makamashin nukiliya, ya zauna can har 1946. Daga nan ya wuce Berkeley a Kalifoniya, ya yi shekara huɗu tare da Farfesa Glenn Seaborg yana nazarin sababbin nau'o'in atam masu fitar da tururin nukiliya. Amma tsohon malaminsa na Landan, Farfesa Briscoe, ya gargaɗe shi cewa da wuya ya sami aikin koyarwa a jami'ar Ingila da wannan fanni. Wilkinson ya ji shawara. A 1950, yana kusan shekara 30, ya koma makarantar fasaha ta MIT, ya sake ɗaukar abin da ya fara so tun yana ɗalibi, watau haɗe-haɗen ƙarafa. A 1951 ya sami aikin ƙaramin malami a Jami'ar Harvard.

Hoda mai ruwan lemo

A watan Disamba na 1951 wasu masana biyu a Pittsburgh ta Amurka, Peter Pauson da ɗalibinsa Thomas Kealy, suka buga labarin wani abu da suka samu ba da niyya ba. Wani haɗi dabam suke nema, sai ga hoda mai ruwan lemo ta fito. A kowane dunƙule nata akwai atam 1 na baƙin ƙarfe, 10 na kabon, 10 na haidirojin. Abin mamaki shi ne ƙarkonta. Iska ba ta ɓata ta, ruwa ba ya ɓata ta, tana narkewa a wajen digiri 173 na ma'aunin Selshiyas, kuma ko an kai ta digiri 400 ba ta wargajewa. Waɗanda suka samo ta sun zana siffarta kamar ƙarfen yana riƙe da zobe biyu na kabon, kowane zobe ta atam ɗaya tak.

Da Wilkinson ya karanta a farkon 1952, sai ya ga wannan zane ba zai iya bayyana irin wannan ƙarko ba. Farfesa Robert Woodward na Harvard shi ma haka ya gani. Suka haɗa kai da mataimakan Woodward biyu, Myron Rosenblum da Mark Whiting, suka yi awo. Awon ya nuna cewa dukan atam 10 na haidirojin zama iri ɗaya suke yi, ba wanda ya bambanta da ɗan'uwansa, kuma dunƙulen ba shi da gefen da ya fi wani cajin lantarki. Siffa ɗaya ce ta dace da wannan. Ka ɗauki faifai biyu, ka sa lemo a tsakaninsu. Kowane faifai zobe ne mai kabon 5, lemon kuwa shi ne ƙarfen, yana riƙe da dukan kabon 10 daidai wa daida. Turawa suka kamanta shi da burodi biyu da nama a tsakiya. Ɗalibinmu da ya saba tsaga burodi ya cusa ƙosai ba ya bukatar ƙarin bayani. Whiting ne ya raɗa wa hodar suna ferosin.

A daidai wannan lokaci, a birnin Munich na Jamus, Ernst Otto Fischer ya kai ga wannan amsa ta hanyarsa, ba tare da sanin aikin na Harvard ba. Daga nan gasa ta kaure tsakanin ɗakunan biyu, kowa yana gwada sa wani ƙarfe a tsakanin zobba. Cikin 'yan shekaru sabon fanni ya tsaya da ƙafarsa. A 1973 aka raba wa Fischer da Wilkinson kyautar Nobel ta kemistiri saboda wannan aiki. Amfaninsa ya isa har asibiti: wasu daga cikin ƙananan na'urorin awon sukari a jini na farko, waɗanda aka fara sayarwa a 1987, da ɗan'uwan ferosin suke aiki.

Duk da wannan, Harvard ba ta tabbatar wa Wilkinson da kujerar dindindin ba. Hausawa sun ce wani hanin ga Allah baiwa ne. A watan Yuni na 1955 aka naɗa shi farfesan kemistirin inoganik a tsohuwar kwalejinsa ta Imperial, kujerar da a lokacin ita kaɗai ce tabbatacciya a wannan fanni a duk Birtaniya. Ya kama aiki a Janairun 1956 yana da shekara 34. A nan ya zauna har ƙarshen ransa. An ba shi sarautar Sir a 1976, ya yi ritaya a 1988 amma bai daina bincike ba sai da ya rasu ran 26 ga Satumba, 1996.

Ɗaliban da hanyoyinsu

1. Albert Cotton, maraya. An haife shi a Philadelphia a 1930. Mahaifinsa ya rasu yana ƙaramin yaro, mahaifiyarsa ce ta yi ɗawainiyarsa. Ya fara da karatun injiniya a Drexel, sai ya gane kemistiri zuciyarsa take so, ya koma Jami'ar Temple ya gama a 1951. Ya zama ɗaya daga cikin ɗaliban farko na Wilkinson a Harvard, ya sami digirin dakta a 1955. Ya koyar a MIT, inda ya zama cikakken farfesa yana da shekara 31, sa'an nan ya koma Jami'ar Texas A&M a 1972.

Bincikensa a kan ɗauri tsakanin ƙarfe da ƙarfe ne. A aji mun san kabon da kabon suna iya ƙulla ɗauri ɗaya, ko biyu, ko uku, kuma an daɗe ana ganin uku ne iyaka. A 1964 Cotton ya nuna cewa atam biyu na wani ƙarfe mai suna reniyam suna riƙe da juna da ɗauri huɗu. Ya buga takardun bincike fiye da 1,600, ya yaye daktoci fiye da 100, kafin rasuwarsa a 2007. Shi da malaminsa suka rubuta littafin Advanced Inorganic Chemistry, wanda ya fito a 1962, aka yi masa bugu shida, na ƙarshe a 1999. Duk wanda ya shiga sashen kemistiri a jami'a zai ji malamai suna ambatar "Cotton da Wilkinson" kamar sunan mutum ɗaya.

2. Malcolm Green, ɗan kwalejin fasaha. An haife shi a 1936. Bai yi digirin farko a Oxford ko Cambridge ba. A Kwalejin Fasaha ta Acton, a yammacin Landan, ya yi karatu, ya ɗauki jarrabawar Jami'ar Landan daga waje, ya gama a 1956. Ya shiga ɗakin Wilkinson, ya zama dakta a 1959. Daga nan ya koyar a Cambridge, ya koma Oxford a 1963, a 1989 kuma aka ba shi kujerar farfesan kemistirin inoganik ta Oxford ɗin.

Green mutum ne mai son ƙera kayan aikinsa. Shi da ɗalibansa sun ƙera murhun lantarki da ke mai da ƙarafa masu taurin kai tururi, har da tangistin wanda ba ya narkewa sai zafi ya wuce digiri 3,400, domin atam ɗin ƙarfen su haɗu da wasu sinadarai ɗaya bayan ɗaya. A 1983, shi da Maurice Brookhart suka bayyana yadda ƙarfe ke ɗan rungumar ɗaurin kabon da haidirojin kafin ya tsinka shi, matakin da ke taimaka wa masana su gane yadda ake sarrafa iskar gas da yin roba. Ya rasu a 2020.

3. Alan Davison, ma'aikacin masana'antar ƙarfe. An haife shi a 1936, ya tashi a kudancin Wales. Da ya bar makaranta bai wuce jami'a kai tsaye ba. Aiki ya kama a ɗakin gwaji na wata masana'antar narka ƙarfe, yana haɗawa da karatu a kwalejin fasaha ta garin Neath. Daga baya ya shiga jami'a a Swansea, ya gama a 1959, ya zo wurin Wilkinson ya zama dakta a 1962. Ya koyar shekara biyu a Harvard, sa'an nan ya koma MIT a 1964.

Sunansa ya fita ne ta wani ƙarfe mai suna teknishiyam, mai lamba 43 a jadawali, wanda aka fara samar da shi a ɗakin gwaji a 1937. Wani nau'insa yana fitar da haske marar ganuwa da kamara ta musamman ke iya ɗauka, kuma rabinsa yana ƙarewa cikin awa 6, saboda haka ba ya daɗewa a jikin majiyyaci. Matsalar ita ce yadda za a kai shi inda likita ke son gani. A farkon shekarun 1980, Davison da abokinsa Alun Jones na makarantar likitoci ta Harvard, tare da ɗalibansu, suka lulluɓe atam ɗin da wasu ƙananan haɗe-haɗen kabon guda 6. Idan aka yi allurar wannan haɗi, jini ya kai shi tsokar zuciya. Inda jini ke isa sosai hoton ya yi haske, inda jijiya ta toshe kuwa ya yi duhu. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1990 da sunan Cardiolite, kuma an duba zukatan miliyoyin mutane da shi. Davison, wanda ya rasu a 2015, bai taɓa zama likita ba, amma likitocin zuciya da aikin hannunsa suke gani. A lura kuma: ilmin nukiliyar da malaminsa ya yi wa hidima a zamanin yaƙi, shi ne ɗalibin ya juya zuwa ceton rai.

4. John Osborn, da ɗalibinsa. Osborn, wanda aka haifa a 1939, ta babbar ƙofa ya shigo, domin a Cambridge ya yi digirin farko. Yana cikin waɗanda suka yi aiki a kan abin da ake kira katalis na Wilkinson, wanda aka sanar a 1965. Katalis kamar dillali yake a kasuwa. Shi ke haɗa mai saye da mai sayarwa, ciniki ya faɗa, shi kuwa ya koma ya jawo wasu. Wannan dillali ja ne, an gina shi a kan ƙarfen rodiyam, yana narkewa cikin ruwan haɗin, kuma yana sa haidirojin ya shiga ɗaurin kabon mai ninki biyu ba tare da an hura wuta ko an matsa iska da ƙarfi ba. A kan wannan harsashi William Knowles na kamfanin Monsanto ya gina hanyar yin maganin ciwon karkarwa na Parkinson, aikin da ya kai shi ga Nobel a 2001. Wani ɗan'uwan wannan katalis kuma masana'antu sun fara amfani da shi a 1976 wajen yin sinadaran da ke tausasa roba.

Osborn ya koyar a Harvard daga 1967, ya koma Strasbourg ta Faransa a 1975, ya rasu a 2000. Cikin ɗalibansa na Harvard akwai Richard Schrock, ɗan kafinta daga jihar Indiana, wanda wansa ya ba shi akwatin gwajin kemistiri na yara yana da shekara 8. Schrock ya zama dakta a 1971, ya karɓi Nobel a 2005 tare da Yves Chauvin da Robert Grubbs. Ta wajen ilmi, jikan Wilkinson ne.

'Yan matanmu za su lura cewa sunayen nan duk na maza ne. Haka yawancin ɗakunan gwaji suke a wancan zamani. Amma ko a cikin wannan labari akwai mata masana. Lise, matar Wilkinson, 'yar Denmak ce da ta karanci ilmin tsirrai, daga baya ta yi suna wajen rubuta tarihin binciken cututtuka. Jennifer, matar Green, ita ma ta zama farfesar kemistiri a Oxford da nata binciken. Ƙofar da ta yi wa iyayenku mata wuyar shiga, ku a buɗe take.

Yadda ake aiki a ɗakin

Waɗanda suka zauna da Wilkinson sun ba da labarin cewa ba mai zama ofis ba ne. Yakan zaga ɗakin gwajin, ya tsaya wurin kowane ɗalibi ya tambaye shi wane sabon abu ya samu. Shi kansa yakan ɗauki ƙaramar kwalbar gwaji ya zuba wannan a kan wancan, ya duba ko launi zai sāke. Ya fi gaskata abin da aka haɗa aka riƙe a hannu a kan dogon lissafin da ke cewa abu ba zai yiwu ba. Gani ya kori ji. A 1973, shi da ɗalibinsa Anthony Shortland suka haɗa atam na tangistin da ƙananan gungun kabon guda 6, abin da da yawa ba su zaci zai tsaya ba. Daga baya aka gane haɗin yakan fashe ba zato, aka gargaɗi sauran masana. Ɗalibin da ke ganin dokokin ɗakin gwajinmu takura ce, ya tuna cewa manyan ma suna jin tsoron abin da ke cikin kwalba.

Har wa yau, a duba takardun da suka buga: da wuya a ga suna ɗaya. Ferosin suna huɗu, katalis ɗin rodiyam suna huɗu, littafin suna biyu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Bayan an tashi daga aiki

Kada a ɗauka mutanen nan ba su san kome ba sai kwalba. Wilkinson ya tashi a ƙasar tuddai, kuma bai rabu da son doguwar tafiya a ƙafa a kan duwatsun arewacin Ingila ba. Yana kuma da alƙalami mai kaifi: ya sha rubuta wa shugabannin gwamnati wasiƙu yana kuka a kan ƙarancin kuɗin bincike a jami'o'i. Cotton mai son kiɗa ne ƙwarai, kuma mahayin doki. Da ya koma Texas, a gona ya zauna da iyalinsa da dawakinsa. Davison ya taso da son rugbi, wasan da ake rungumar ƙwallo mai siffar ƙwai a ruga da ita. Ya buga, ya kuma horar da ƙungiyar MIT. Yana son aikin lambu da kamun kifi, kuma an san shi da iya ba da labari. Schrock kuwa bai yar da sana'ar mahaifinsa ba, aikin katako ya zama abin hutunsa.

In mun duba da kyau, ba ɗaya cikin waɗannan da yake zaman banza. Mai hawan dutse yana koyon jimiri. Mai kiwon doki dole ya kula da dabbarsa ko ya gaji ko bai gaji ba. Kafinta ya san in ya yi kuskuren awo, ƙofa ba za ta rufu ba. Mai horar da 'yan wasa yana koyon sarrafa mutane, abin da shugaban ɗakin bincike ke yi kullum. Bincike kuwa aiki ne da gwaji tara kan lalace kafin na goma ya yi kyau, kuma wanda ba shi da inda zai huta da ransa ba ya daɗewa a cikinsa. Saboda haka ƙungiyar mawaƙa, filin ƙwallo, gonar makaranta, ɗinki da saƙa, ba abokan gābar littafi ba ne, muddin an ba kowane lokacinsa. Abokan gābar littafi su ne zaman gulma da raba dare a kan waya.

Abin da za mu koya

Na ɗaya, ƙofar shiga ba ɗaya ba ce. Ɗan mai fenti ya shiga da sukolashif, maraya ya sauya fanni a tsakiyar hanya, wani ya biyo ta kwalejin fasaha, wani ta masana'anta, wani ta Cambridge. Duka a benci ɗaya suka tsaya. Wanda zai fara da difloma ko aikin ɗakin gwaji kada ya ce an gama da shi. Sannu ba ta hana zuwa.

Na biyu, babu fannin da yake ragowa. Maganin karkarwa, hoton zuciya da awon sukari duk sun bi ta hannun masu kemistirin ƙarafa. Idan an ba ka kemistiri, ka karɓa da hannu biyu, ka yi shi da dukan zuciyarka.

Na uku, a ji shawarar malami. Wilkinson ya bar fannin da ya yi shekara bakwai a ciki saboda gargaɗin tsohon malaminsa, kuma bai cika shekara biyu da sauyawa ba ya gamu da ferosin.

Na huɗu, rufewar ƙofa ɗaya ba ƙarshen tafiya ba ne. Jami'ar da ba ta riƙe shi ba tana nan tana ji aka kira sunansa a 1973.

Na biyar, ga iyaye da shugabannin ekklesiya: kawun Wilkinson shugaban mawaƙa ne, ba farfesa ba. Abin da ya yi kawai shi ne ya bar yaro ya shiga ɗakin gwaji ya taɓa kaya. A cikinmu akwai masu kantin magani, da ma'aikatan asibiti, da makanikai, da masu walda. Ku jawo yaran nan kusa, ku nuna musu aikinku.

Na shida, mu tuna da misalin talanti da Ubangijinmu ya bayar. Ba a tambayi bawa don me aka ba shi kaɗan ba. Abin da ya yi da wanda aka ba shi aka tambaye shi. Ilmi amana ne, kuma kamar yadda labarin nukiliya ya nuna, yana iya zama makami, yana iya zama magani. Zuciyar mai riƙe da shi ce ke zaɓa.

Tambayoyi domin nazari

1. Kawo abubuwa biyar na gida ko na kasuwa da ke ƙarƙashin kemistirin inoganik.
2. Zana siffar ferosin, ka nuna yawan atam na kowane sinadari. Wane awo ne ya nuna zanen farko bai dace ba?
3. Ta yaya katalis ya yi kama da dillali? Ta ina kuma suka bambanta?
4. In rabin teknishiyam yana ƙarewa cikin awa 6, kashi nawa zai rage bayan awa 24?
5. Cikin mutanen da muka duba, hanyar wa ta fi kama da taka? Me za ka koya daga gare shi?
6. Wane aikin sha'awa kake yi, kuma wace ɗabi'a yake gina maka?

Ga ɗalibanmu masu fita a wannan shekara, duk inda sunanku ya fito, ku je ku yi aiki da aminci. Ga masu saura kuma, ɗakin gwaji yana nan yana jiranku a zango mai zuwa. Ubangiji ya ba ku hikima, ya albarkaci aikin hannuwanku. Amin.